Hujin da Anaruwa Ya Yi wa Ɗan Kunkuru

Wannan abu a ƙarƙashin ƙasa ya faru, saboda haka kada wani ya ce in kai shi ya gani da idonsa. Mai son gani ya nemi igiya.

A ƙauyen Kukar Bauɗe an yi wani maginin rijiya, sunansa Anaruwa. Wata rana da hantsi yana can gindin wata sabuwar rijiya, gaba ashirin da bakwai, inda ko saiwar kuka ba ta kaiwa, ya kafta dagi a bango, sai ƙasa ta zame, ya ga wani ɗan ido baƙi ƙirin yana kallonsa. Ya ja da baya, ya yi a'uziyya. Idon bai ƙifta ba. Da ya daure ya sa yatsa ya share wurin, ashe ɗan kunkuru ne, bai fi ƙwan zabo girma ba, yana zaune cikin wani gurbi mai santsi kamar an yi masa daɓe. Babu ramin da ya bi ya shiga, babu ɓawon ƙwai, babu uwa.

Mai hankali da ya mayar da ƙasa ya rufe, ya yi kamar bai gani ba. Anaruwa kuwa ya ɗauka ya jefa a aljihu.

Ba don wasa ya ɗauka ba, a yi masa adalci. Matarsa Tsahare tana cikin jego, kwananta goma sha tara da haihuwar 'ya mace. Kafin wannan 'ya'ya uku suka haifa, babu wanda ya kai yaye. Shi ya sa suka raɗa wa jaririyar suna Ayashe, ko mutuwa ta ji sunan ta ɗauka ba a damu da yarinyar ba, ta wuce. Alhali kuwa Anaruwa ko tari jaririyar ta yi sai gabansa ya faɗi.

Ya shiga gida ya ajiye abin a gaban matarsa. Ta ce, "Maigida, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Baƙo na kawo miki. Tun muna yara ake cewa gidan da ke da kunkuru mugun abu ba ya shigarsa."

Tsahare ta ɗora shi a tafin hannunta, ta ɗan danna bayansa da yatsa. Ta ce, "Allah sarki, ai jariri ne. Ka ji ƙoƙonsa ko tauri bai yi ba, sai ka ce maɗigar yarinyar nan." Ta kai yatsan kan Ayashe, wurin nan mai laushi a tsakar kai da ke motsi in jariri yana numfashi.

Daga ranar ta zama mai jego biyu. In ta gama yi wa Ayashe wanka da safe, sai ta zuba ruwa mai ɗumi a kasko, iya haɓar ɗan kunkurun, ta sa shi ciki ya tsoma baki ya sha. Ta shimfiɗa tabarma inda ranar safe ke sauka, ta kwantar da su biyu. In rana ta yi zafi ta kifa masa fasasshiyar tukunya a kan yashi, ya shige ya laɓe. Abin da take ba shi ya ci kuwa, Anaruwa bai taɓa tsayawa ya duba ba. Shi dai ya taɓa miƙa masa lomar tuwo da tsokar nama, kunkuru ya janye kai ya bar shi da hannu a miƙe, ya ce, "To, ɗan sarki, zauna da yunwarka."

Matsala ɗaya ce, kunkurun ba ya zama. Da an kau da ido sai a gan shi ya miƙe wuya ya nufi ƙofar gida, kullum fuskarsa wajen sabuwar rijiya. Rannan kaza ta kusa tsone masa ido a zaure. Washegari a ƙarƙashin jakin maƙwabci aka tsinto shi.

To, su maginan rijiya komai nasu da igiya yake. Mutum da igiya, kwandon ƙasa da igiya, dagi ma sai an ɗaure shi a ƙugu. A wurinsu abin da ba a ɗaure ba ya riga ya faɗa rami. Ranar kasuwa da safe, Tsahare tana bayan ɗaki tana wankan jego, Anaruwa ya sa basilla a wuta har ta yi ja. Ya ce a ransa, ƙoƙo ai ƙoƙo ne, kamar farce ne ko kofato. Ya kama ɗan kunkuru, ya huda gefen ƙoƙonsa ta baya, ya zura zare, ya ɗaure a turken akuya. Har ya ja da baya yana duban aikinsa, wai ya yi dabara.

Kunkuru bai yi kuka ba. Daga cikin ɗaki Ayashe ta tsandara wata irin ƙara da ba su taɓa ji ba.

Tsahare ta fito da ruwa a jiki, ta sure ta. Aka ba ta nono ta ƙi. Suna kallo, maɗigarta ta fara lotsawa, tana yin ƙasa sannu a hankali, har ta yi gurbin da goro zai zauna. Anaruwa ya waiwaya wajen turke, sai ya ga farin yashi yana tsiyayowa daga hujin da ya yi, siriri kamar zare, ba ya yankewa. Kafin a jima ya tara tsibin da ya fi kunkurun kansa girma sau goma, bai kuwa tsaya ba.

Tsahare ta dubi yashin, ta dubi basilla a bakin murhu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka mayar da shi inda ka samo shi, ka nemi masu shi. Uku na miƙa maka a naɗe ka kai bayan gari. Wannan ba zan miƙa ba."

Ta shiga bayan ɗaki ta fito da wani ɗan ƙunshi, ta cusa masa a aljihu. Bai tsaya tambaya ba, ya tsinke zaren daga turke, ya ɗauki kunkuru ya fita da gudu.

Babu kowa a bakin rijiya, masu ja masa igiya duk sun tafi kasuwa. Ya ɗaura igiya a gungume ya sauka shi kaɗai. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya ga ɗan gurbin nan ya zama ƙofa, tsawon mutum. A bakinta wani abu na zaune a naɗe, gwiwoyinsa sun wuce kunnuwansa, fuskarsa kamar ɗanyen yumɓu da aka bar shatin yatsu a kai.

Abin ya ce, "Aminci ya tabbata ga ɗan da aka ɗauke. Kai kuwa mai huda ƙasa, ban gaishe ka ba tukuna. Me ya dawo da kai?"

Anaruwa ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarna na yi, tana neman cin ran 'yata. Masu wannan ɗa nake nema."

"Shi zai kai ka, don shi ya san gidansu. Ka cire masa wannan zaren, ka ajiye shi a ƙasa. Sharaɗi uku ne, ya ɗan Adam. Ba ka shiga gabansa, ba ka tura shi, ba ka ɗaukarsa."

"Wurin da nisa?"

"A tafiyarsa kusa ne. A tafiyarka ba a zuwa."

Anaruwa ya zare zaren, ya ajiye kunkuru. Ɗan abin ya tsaya, ya leƙo da kai, ya dubi hagu ya dubi dama kamar mai zaɓen goro a kasuwa, sannan ya ɗaga ƙafa ɗaya. Suka shiga.

Suka ɓullo wani fili mai faɗi, ba rana ba wata, amma da haske. Anaruwa ya ɗaga kai, sai ya ga sama duk huji ne, ɗaruruwa, kowanne da'irar haske. Ashe bakunan rijiyoyin duniya ne yake gani ta ƙasa. Guga na saukowa daga kowanne, wasu mata dogaye marasa baki suna tarba, suna cika su da ruwa daga tuluna, suna saki. Ya gane rijiyoyi huɗu da ya gina da hannunsa. Babu wadda ta dube shi a cikin matan, amma duk wadda kunkuru ya gifta sai ta janye ƙafarta ta sunkuyar da kai.

Ta ɗaya daga cikin hujin nan kukan Ayashe yake saukowa. Yana jin sa sarai, kamar tana bayansa a goye.

Ku da kuke zaune lafiya kuna iya cewa sannu ba ta hana zuwa. Ku gwada faɗa wa uban da ke jin kukan 'yarsa yana bin bayan kunkuru. Taku ɗaya na Anaruwa sai ya jira taku talatin na ɗan abin. Ya ciji leɓe, ya yi salati, ya ƙirga yatsunsa ya sake ƙirgawa. Can ya hango ƙarshen filin, ya waiwaya bai ga mai gadin ƙofa ba, sai zuciya ta ce masa wa zai sani. Ya sunkuya ya sure kunkuru ya zuba da gudu.

Taku bakwai ya yi, ya tsinci kansa a gindin rijiyarsa, gaban abin nan mai fuskar yumɓu.

Abin ya ce, "Ka dawo da wuri."

Kukan Ayashe ya ragu, ya zama irin na jaririn da ya gaji. Anaruwa ya ajiye kunkuru, kunya da baƙin ciki sun cika shi, suka sake faro filin tun daga farko. Wannan karon ya haɗe hannuwansa a baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya.

Bayan filin rijiyoyi suka shiga wata kasuwa. Rumfuna cike da kaya, ga mutane sun yi sahu-sahu a tsugune, amma babu mai motsi. Da ya matsa kusa ya ga duk duwatsu ne masu siffar mutane, kowanne ya miƙa hannu da abinci a ciki. A tsakiyar kasuwa kunkuru ya tsaya cik, ya buɗe baki ya rufe, ya ƙi gaba.

Wata mata ta fito daga rumfa, kanta ɗaya, hannuwanta shida, kowane hannu da faifai. Ga gasasshen nama, ga fura da nono, ga dabino, ga tuwon shinkafa, ga ƙwai, ga zuma a saƙarta.

Ta ce, "Maraba da mai rakiya. Ɗanmu ya ji yunwa, ba ya ƙara taku sai ya ci. Zaɓi abin da ka saba ba shi a gidanka, ka ba shi da hannunka. In ya karɓa ku wuce. In ya ƙi, akwai sauran wuri a sahun nan."

Anaruwa ya dubi fayafayan. Nama da tuwo ya san an ƙi su. Hannunsa ya tafi wajen dabino, ya dawo. Ya tafi wajen nono, don ai jariri ne, ya dawo.

Ya ce, "Uwargida, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban san abin da yake ci ba. Kwana goma sha ɗaya yana gidana, ban taɓa dubawa ba. Matata ce ta sani."

Matar ta ce, "Waɗannan da kake gani duk sun ce sun sani. To, ina matar taka?"

"Tana gida, riƙe da..." Sai ya tuna ƙunshin da ke aljihunsa. Shi a zatonsa guzuri ta yi masa, ƙuli-ƙuli ko ɗan dawo. Ya kwance, sai ga ganyen yakuwa, da furen rama guda biyu, da ɗanyar ciyawa an yayyanka ƙanana. Ko a cikin wannan tashin hankali, ashe ba cikinsa Tsahare ta tuna ba.

Ya tsuguna ya miƙa ganyen. Kunkuru ya miƙo wuya ya yaga, ya tauna, ya haɗiye, ya huta, ya sake yaga. Anaruwa ya riƙe ganyen nan har hannunsa ya yi tsami, bai ce masa yi sauri ba. Da ya cinye fure ɗaya ya goge baki da ƙafa, ya kama hanya.

Matar ta kifar da fayafayanta, sai ga shi duk tsakuwa ce a ciki. Ta ce, "Ka gai da matarka. Ita ce ta wuce kasuwar nan, kai rakiya ka yi."

Daga nan hanya ta gangara har bakin wani ruwa. Ba shi da faɗi, bai fi tsawon mutum ba, amma baƙi ne wuluk, ba ya gudu, ba ya nuna inuwar mai leƙa shi. Kunkuru ya tsaya a gaɓa. Wani kai ya ɓullo daga ruwan, sumul ba gashi, idanunsa a gefe kamar na tarwaɗa.

Ya ce, "Sannu da tafiya, ya mai haƙuri. Wannan ai ba wuya. Ɗan tura shi da yatsan ƙafa ya faɗo, danginsa duk masu iyo ne. Kai kuma ka tsallake."

Anaruwa ya tuna kaskon Tsahare, da yadda take auna ruwa da gaɓar yatsa kada ya wuce haɓa. Ya ce, "Kififiya ce mai iyo. Wannan ɗan tudu ne, in ya faɗa nutsewa zai yi kamar dutse."

"To ɗauke shi ka tsallaka da shi."

"An hana ni."

"To shiga gabansa ka nemo gada."

"Wannan ma an hana ni."

Kan ya yi dariya ba sauti. Ya ce, "Sai ku zauna. Mu nan ba ma gaggawa."

Anaruwa ya tsaya yana duban ruwan. Sai ya koma gefe ɗaya, ya kafa yatsun ƙafarsa a gaɓar da suke, ya faɗa rub da ciki ya kama ɗaya gaɓar da hannuwa. Ƙafafunsa na bayan kunkuru, don haka bai shiga gabansa ba. Ya zama gada, cikinsa na shafar ruwa.

Kunkuru ya daɗe yana shawara, sannan ya hau dugadugansa.

Ruwan sanyi ne da shi kamar ƙarfe. Wasu yatsu suka fara shafar cikinsa ta ƙasa, suna ƙirga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Yana jin ƙananan faratan kunkuru a sha-raɓarsa, sannan a bayan gwiwa, sannan a cinya. Yashin da ke zuba daga hujin yana gangara masa a jiki. In ya motsa kaɗan ɗan abin ya zame, shi ke nan.

Kunkuru yana daidai tsakiyar bayansa kukan Ayashe ya tsaya.

Ya kasa kunne. Babu. Duk tsawon tafiyar nan kukan ne yake soya masa rai, yanzu da ya ɗauke sai ya ji da ma ya dawo. Kan nan ya matso daf da kunnensa ya ce, "An gama. Tashi ka tafi, ko ka sami jana'iza." Anaruwa ya kifa fuska tsakanin hannuwansa, hawaye na ɗiga cikin baƙin ruwan, bai motsa ba. Kunkuru ya bi ta wuyansa, ya hau ƙeyarsa, ya bi hannunsa na dama, ya sauka a tudu.

Anaruwa ya ja jiki ya haye. Suna zagaya wani dutse sai ga birni.

Gidajensa duk kifaffu ne kamar ƙore. Samansa kuwa ƙoƙon kunkuru ne guda, tun daga gabas har yamma, da zanensa gida-gida. Can gefe ɗaya ta baya akwai huji a saman, bakinsa a ƙone, farin yashi yana kwararowa ta ciki kamar ruwan indararo. Ya riga ya binne unguwa guda. Mutanen garin, gajeru masu wuya a cikin kafaɗa, suna kwasar yashin da ƙore suna kaiwa baya, ba mai magana. Da suka ga Anaruwa duk suka tsaya. Ba wanda ya zage shi, shi kuwa da zagin suka yi da ya fi masa sauƙi.

A ƙarshen hanya wata tsohuwa na zaune, bayanta ya haɗe da ganuwar birnin, fatar wuyanta ta sauko har cinya. Kunkuru ya je ya hau tafin ƙafarta ya kwanta.

Ta ce, "Ni ce Magajiyar wannan birni. Kowane gari a nan ƙasa yana da ɗansa, bayan ɗan shi ne samanmu. Mun ajiye namu a cikin ƙasa don ya yi ƙwari. Wa ya huda shi?"

Anaruwa ya zube. Ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Da hannuna, ba wanda ya sa ni."

"Don me?"

"Tsoro nake kada ya ɓace."

"Ka tambaye shi ko da zafi?"

"Na ga bai yi kuka ba."

"Ba a ba shi muryar kuka ba, ya maginin rijiya. 'Yarka ce ta ara masa tata. Tabarma ɗaya suka kwanta, rana ɗaya ta gasa su, hannu ɗaya ya yi musu wanka. Sun zama 'yan ɗaki ɗaya, abin da ya sami rufinsa ya sami nata."

Ya ce, "A ba ni yumɓu ko ƙaro in toshe. Na iya aikin hannu."

"Abin da ka ɗauka farce ne, ƙashi ne, da jini da jijiya a cikinsa. Ƙashi ba ya karɓar yumɓu. In an bar shi zai haɗe da kansa bayan damina arba'in. Mu muna iya jira, za mu yi ta kwasar yashi. Taka ba ta da damina arba'in."

Anaruwa ya miƙa hannunsa. Ya ce, "Ga yatsa, a yanke. A yanke biyu."

"Yatsa ba rufi ba ne. Rufi ka ɓata, da rufi za ka biya." Ta ɗaga wani dogon farce ta nuna tsakar kansa. "Daga nan zan ɗiba. Ba zai kashe ka ba, amma ba zai ƙara rufewa ba. Ka san abin da ke faɗowa daga bakin rijiya, tsakuwa ɗaya ta ishe ka. Daga yau kai da rami sai dai kallo. Kuma ban ce maka za ka tarar da ita da rai ba, don ni ma na daina jin ta. Ka yi shawara."

Ubansa maginin rijiya ne, kakansa ma haka. Tun yana ɗan shekara tara yake sauka rami. Bai iya noma ba, bai iya awo ba, bai iya komai ba sai jin ƙanshin ruwa ta cikin busasshiyar ƙasa. In an raba shi da wannan bai san ko shi wane ne ba. Ya ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ga shi kuma ana ce masa watakila ma a banza.

Ya cire hularsa, ya matsa, ya sunkuyar da kai.

Farcen ya zagaya tsakar kansa, sanyi ƙalau. Ya ji wani ɗan ƙas, kamar an ɓare gyaɗa, sannan ya ji iska ta taɓa inda iska ba ta taɓa taɓawa ba. Magajiya ta shafa yawunta a wurin, fata ta rufe. Ta murza ƙashin tsakanin yatsunta har ya koma kamar ƙwayar dawa, ta danna shi a hujin ɗan kunkuru.

Yashin da ke kwararowa daga sama ya yi siriri, ya ɗiɗɗiga, ya tsaya. Mutanen garin suka ajiye ƙorensu a ƙasa. Anaruwa ya kasa kunne sama, bai ji komai ba.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, har yanzu shiru."

Ta ce, "Wanda ya ƙoshi ba ya kuka, wanda ya tafi ma ba ya yi. Je ka gani."

Ɗan kunkuru ya sauko daga ƙafarta, ya juya ya nufi hanyar da suka fito. Magajiya ta bi shi da kallo. Ta ce, "Ya zaɓi gidanka, ya saba da yakuwar matarka. Yanzu kana iya ɗaukarsa, ƙashinka ne a jikinsa. Kada a ɗaure shi, kada a kifar da shi. A kewaye masa wuri mai rana da inuwa, a bar masa ƙasar da zai tona. In ya shiga raminsa da bazara a ƙyale shi, ba mutuwa ya yi ba. Zai ga bayanku duka, saboda haka duk wanda ya rage a gidan ya gaji kiwonsa."

Anaruwa ya ɗauke shi da hannu biyu. Taku bakwai ya yi, sai ga shi a gindin rijiyarsa, bango a shafe, babu ƙofa babu mai gadi.

Bai taɓa jin tsoron hawa rijiya ba sai ranar. Kunkuru a aljihu, hannu ɗaya a igiya, ɗaya a kan hula, duk ɓurɓushin ƙasar da ya faɗo sai ya runtse ido. Da ya fito ya kwance igiyarsa daga gungume don sabo, ya fara naɗewa, sai ya tsaya. Ya ajiye ta nan bakin rijiya, ya tafi.

La'asar ta yi sanyi sa'ad da ya isa gida. Ya tsaya a zaure. Babu kukan mata, babu kukan jariri, ko akuya ba ta motsi. Mutumin da ya kwanta a kan baƙin ruwa ya kasa ɗaga ƙafa ya shiga tsakar gidansa. Sai da ɗan kunkuru ya yunƙura a hannunsa, sannan ya taka.

Tsahare na zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ta ba shi baya, ta sunkuya kan abin da ke cinyarta. Ba ta waiwayo ba. Ya matso, ya ƙara matsowa. Sai ya ji wani ɗan sauti, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Haɗiya ce. Ayashe ta kama nono da hannu biyu tana sha kamar za a ƙwace mata.

Ya durƙusa. Ya ajiye kunkuru a gefen tabarma, ya kai yatsa kan yarinyar. Maɗigar ta ciko, tana bugawa a hankali a ƙarƙashin yatsansa.

Tsahare ta dube shi. Ta ga yadda ya dafe hula da ɗaya hannun, ta ga babu igiya a kafaɗarsa. Ta miƙa hannu ta ɗage hular. A tsakar kan mijinta, mai furfura a gemu, fata ta lotsa faɗin bakin ludayi, tana tashi tana sauka.

Ta daɗe tana kallo, idonta ya cika. Ta kwance ɗankwalinta ta ninka shi huɗu, ta ɗora masa a wurin, ta mayar da hular a kai a hankali.

Ta ce, "Maigida, in za ka shiga ɗaki ka sunkuya sosai. Ƙofar gajeriya ce."